Watan Afirilu a filin besbol: ranakun da Amurka ba ta manta da su ba

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Dole ta Damagaram da hantsi, ya bi ta layin masu gwanjo, ba zai rasa ganin hulunan hana-salla an jera su bisa igiya ba. Wasu na ɗauke da harafin N da Y a sarƙe, wasu kuma L da A. Ƴan kabu-kabu na sa su don rana, ƴan makaranta na sa su don ado, samarin fada kuwa don gayu. In aka tambayi mai sayarwa ma'anar haruffan, sai ya ce sunayen biranen Amurka ne, New York da Los Angeles. Bai yi ƙarya ba, amma bai kai ƙarshen zancen ba. Haruffan nan tambari ne na ƙungiyoyi biyu na wasan besbol, Yankees da Dodgers, kuma a bayan ko wace hula akwai tarihin da ya shafi kuɗi, da mulki, da mutuncin baƙar fata.

Mafi yawan wannan tarihi a watan Afirilu aka rubuta shi. Lokacin da zafin bazara yake hana mutanen Birni da na Zango barcin ɗaka, a arewacin Amurka ƙanƙara ce take narkewa, ciyawa tana tsirowa, ana share filaye don buɗe sabuwar kakar wasa. Ƙungiyoyi 30 ne a babban rukunin ƙwararru, ko wacce tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris ko farkon Afirilu zuwa ƙarshen Satumba, kafin karawar ƙarshe ta watan Oktoba. Masu iya magana sun ce Jumma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Shi ya sa Amurkawa suke zuba ido ga makonnin farko, har ma'aikaci ya nemi izini a wurin aiki, ɗan makaranta ya ƙirƙiro ciwon kai, don kada ranar buɗewa ta wuce su.

Yadda ake wasan

Mutum tara ne a ko wane ɓangare. Mai jifa yana tsayawa bisa ɗan tudu a tsakiyar fili, tazarar mita 18 da ƴan kai, ya jefo ƙwallo mai tauri wadda ba ta wuce girman lemun zaƙi ba, da gudun da yakan haura kilomita 150 a awa. Mai bugu yana jiran ta da kulkin itace. In ya same ta, sai ya yar da kulkin ya sheƙa, yana bin zango-zango kamar ayarin fatake: zango na farko, na biyu, na uku, sannan gida, ko wanne da tazarar mita 27. Wanda ya dawo gida lafiya ya ci maki ɗaya. Abokan hamayya kuwa aikinsu su cafe ƙwallon tun tana sama, ko su riga shi isa zango da ita. In suka fitar da mutum uku, sai a yi musanya, masu tsaro su koma bugu. Turmi tara ake yi.

Bugun da ya fi ko wanne daraja shi ne wanda ya tsallake katangar fili gaba ɗaya, mai shi ya zagaye zangunan babu mai tare shi. Wannan shi ne bugun kai-gida. Wasan yana da wuyar da ta sa wanda ya yi bugu mai kyau sau uku cikin goma ake kiransa gwani. Kamar yadda masoyan kokowa suke riƙe da sunayen waɗanda suka ɗauki takobi shekara bayan shekara, haka masoyan besbol suke riƙe da lissafi. Ba abin da ke faruwa a fili wanda ba a rubuta shi cikin kundi.

Shugaban ƙasa, jirgin ruwa, da cinikin da aka yi nadama

Ran 14 ga Afirilu 1910, a birnin Washinton, shugaban Amurka William Howard Taft ya jefa ƙwallon farko daga inda yake zaune cikin ƴan kallo. Mai jifan ƙungiyar birnin, Walter Johnson, ya karɓa, ya kuma ci wasan da 3 da babu. Daga nan abin ya zama al'ada, shugabanni da dama suka bi sawu. Ɗan siyasa a ko'ina ya san inda jama'a take taruwa.

Shekara biyu bayan haka, ran 20 ga Afirilu 1912, ƙungiyar Red Sox ta Boston ta buɗe filinta na Fenway Park. Bikin bai samu shafin farko na jaridu yadda aka so ba, don kwana biyar kafin nan jirgin ruwan Titanic ya nutse da mutane fiye da 1,500. Filin dai yana nan har yau, shi ne mafi tsufa a cikin waɗanda ake wasa a kansu.

A wannan ƙungiya ta Boston ne wani saurayi mai suna Babe Ruth ya yi fice. A ƙarshen 1919 mai ƙungiyar ya sayar da shi ga Yankees a kan dalar Amurka 100,000, kuɗin da ba a taɓa biya don ɗan wasa ba a lokacin. Ruth ya riƙa jawo ƴan kallo har Yankees suka gina nasu katafaren fili. Ranar buɗe shi, 18 ga Afirilu 1923, wa za a kara da shi in ba Boston ba? Ruth ya yi bugun kai-gida da ya kawo maki uku, Yankees suka ci 4 da 1. A shekarar suka ɗauki kofinsu na farko. Boston kuwa, wadda ta ci kofi a 1918, ba ta sake ganinsa ba sai a 2004, bayan shekara 86. Ɗan kasuwar da ya taɓa sayar da saniyar tatsa don biyan bashin yau ya san irin wannan ciniki.

Akwai kuma ranakun da jiki ne ya yi magana. Ran 2 ga Mayu 1939, a Detroit, Lou Gehrig na Yankees ya je da kansa ya roƙi a cire sunansa daga jerin masu wasa, bayan ya buga wasa 2,130 a jere tun 1925 ba tare da fashin ko ɗaya ba. Wata cutar jijiya ce ta fara cin ƙarfinsa, ta kuma yi ajalinsa a 1941 yana da shekara 37. Ran 16 ga Afirilu 1940 kuwa, a Chicago, Bob Feller na Cleveland, ɗan shekara 21, ya yi turmi tara babu wanda ya samu bugu mai kyau ko ɗaya a kansa. Har yau ba a sake yin haka a ranar buɗe kaka ba.

Katangar da ba a rubuta ba

Duk waɗannan gwanaye farare ne, kuma ba haka kawai abin ya zo ba. Tun bayan shekarun 1880 masu ƙungiyoyi suka yi yarjejeniyar baka cewa ba za a ɗauki baƙar fata ba. Babu doka a takarda, amma ta fi ta takarda ƙarfi. Baƙaƙe suka kafa nasu rukuni a 1920 a Kansas City ƙarƙashin Rube Foster, da nasu filaye, da nasu taurari irin su Satchel Paige da Josh Gibson, suna yawo gari-gari cikin motocin safa, wani lokaci su kwana a ciki don masauki ya ƙi karɓarsu.

A watan Agusta 1945 shugaban ƙungiyar Dodgers ta Brooklyn, Branch Rickey, ya kira wani ɗan wasan Kansas City Monarchs mai suna Jackie Robinson. An haifi Robinson a 1919 a jihar Jojiya, jikan bayi ne, ya yi karatun jami'a a Kalifoniya, ya kuma kai muƙamin laftana a soja. A 1944 an gurfanar da shi gaban kotun soja bayan ya ƙi komawa kujerar baya a motar safa, aka wanke shi. Ke nan ba mutum ne mai sanyin zuciya ba. Amma sharaɗin da Rickey ya gindaya masa shi ne: a zage shi, a jefe shi, a taka shi, kada ya rama. Rickey mai addini ne, kuma ɗan kasuwa ne. Ya ga zalunci, ya kuma ga ƙwararrun da ba wanda ya taɓa, da dubban ƴan kallo baƙaƙe masu kuɗin shiga a aljihu.

An fara tura Robinson ƙaramar ƙungiyar Dodgers da ke Montréal, birnin Kanada mai magana da Faransanci. Wasansa na farko ya kama ran 18 ga Afirilu 1946 a Jersey City. Sau biyar ya riƙe kulki, sau huɗu ya yi bugu mai kyau, ciki har da kai-gida, Montréal ta ci 14 da 1.

Mai karatu zai so ya dubi kwanan watan. Mako guda kafin wannan rana, ran 11 ga Afirilu 1946, aka kafa dokar Houphouët-Boigny wadda ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa take mulka, aikin da dattawan Damagaram suka daɗe suna ba da labarin wahalarsa. Ran 7 ga Mayu dokar Lamine Guèye ta biyo baya, ta ba mutanen ƙasashen matsayin ƴan ƙasa. Ba wanda ya haɗa baki da wani. Yaƙin duniya ne ya ƙare, baƙaƙen da suka zubar da jini a cikinsa, na Afirka da na Amurka, suka dawo gida suna tambayar dalilin da ya sa ake ajiye su a baya. Kuma a ɓangarorin biyu an ga cewa takarda daban, aiki da ita daban: sai da aka sake wata dokar Lamine Guèye a watan Yuni 1950 kan daidaita albashin ma'aikacin gwamnati baƙi da na Bature.

Talata, 15 ga Afirilu 1947

A filin Ebbets na Brooklyn, gaban mutane 26,623, waɗanda fiye da rabinsu baƙaƙe ne, Robinson ya fito da lamba 42 a bayan rigarsa, ya tsaya a zango na farko. Dodgers suka ci Braves na Boston 5 da 3. Shi kansa bai samu bugu mai kyau ko ɗaya ba a ranar, sai dai ya kawo maki guda. Da a ce Larabar nan kaɗai aka duba, da an ce Jumma'a ba za ta yi kyau ba.

Jarabawa ta gaskiya ta zo mako guda bayan haka, da ƙungiyar Philadelphia ta iso. Mai horas da ita, Ben Chapman, ya sa ƴan wasansa suka yi ta yi masa zagin ƙare dangi daga inda suke zaune. Wasiƙun barazana suka riƙa zuwa gidansa. Masu jifa suna auna jikinsa, masu gudu suna auna ƙafarsa da ƙusoshin takalmi. A wasu garuruwa masaukin abokansa ya ƙi shi. Bai rama ba. Cin mutuncin Philadelphia ma sai ya juyo da zukatan wasu abokan wasansa farare, waɗanda tun farko ba su so zuwansa ba. A ƙarshen kaka ya fi kowa a rukuninsa satar zango, sau 29, aka ba shi kyautar sabon ɗan wasa mafi fice, Dodgers suka kai karawar ƙarshe. Albashinsa na shekarar dalar Amurka 5,000 ne. A 1949 aka zaɓe shi gwanin rukuni, a 1955 ya ɗauki kofi. Majalisar birnin Philadelphia ba ta nemi gafara ba sai a 2016, shekara 44 bayan rasuwarsa.

Wannan duka ya faru shekara bakwai kafin kotun ƙolin Amurka ta haramta raba makarantu bisa launin fata a 1954, kuma shekara takwas kafin Rosa Parks ta ƙi tashi daga kujerarta a 1955. Ƙofar dai ba ta buɗe gaba ɗaya ba. Larry Doby ya shiga Cleveland a watan Yuli 1947, amma Red Sox ta Boston ba ta sa baƙar fata a fili ba sai a 1959.

Akwai kuma ɓangaren da ƴan kasuwa za su fi kowa ganewa. Rickey bai biya Monarchs ko sisi ba a kan Robinson. Da taurari suka koma manyan ƙungiyoyi, ƴan kallo suka bi su, rukunin baƙaƙe ya durƙushe cikin ƴan shekaru. Ɗan wasa ya samu shiga, amma mai ƙungiya baƙi, da mai sayar da tikiti, da mai masauki, da mai abinci a bakin fili, suka rasa kasuwa. Sai a 2024 aka haɗa lissafin ƴan wasan rukunin baƙaƙe cikin babban kundi, sunan Josh Gibson ya hau saman jerin gwanayen bugu.

Afirilun 1968, 1974 da 1975

An harbe Martin Luther King ran 4 ga Afirilu 1968, kwanaki kaɗan kafin buɗe kaka. Ƴan wasan Pittsburgh, ciki har da Roberto Clemente, suka ce ba za su taka fili ba sai an yi jana'iza. Dole aka ɗage wasannin buɗewa zuwa 10 ga wata. Shekara 21 kacal bayan Robinson, baƙaƙen ƴan wasa sun kai matsayin da za su tsayar da wasan ƙasa.

Babban lissafin da Amurkawa suke ɗauka kamar gadon gidansu shi ne kai-gida 714 na Babe Ruth. Henry Aaron, ɗan jihar Alabama wanda ya fara wasa a rukunin baƙaƙe, ya rufe kakar 1973 da 713. Cikin shekarar ya samu wasiƙu kimanin 930,000, mafi yawansu na fatan alheri, amma da dama na barazanar kisa. Ya yi hunturu guda da mai gadi a bayansa, iyalinsa cikin fargaba. Ran 4 ga Afirilu 1974, a Cincinnati, karon farko da ya kai wa ƙwallo kulki a kakar, ya cike 714. Ran Litinin 8 ga wata, a Atlanta, gaban mutane 53,775 da gwamnan jihar Jimmy Carter, ya buga na 715 a turmi na huɗu. Mai jifan, Al Downing, na Dodgers ne. Yana zagaye zanguna sai ga samari biyu farare sun diro fili sun bi shi da gudu. Taya murna suka zo yi, amma na ɗan lokaci ba wanda ya san nufinsu. A gida mahaifiyarsa ta rungume shi ta ƙi saki. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Aaron ya yi ritaya da 755, ya rasu a 2021.

A Nijar hankali yana wani wuri a wannan wata. Fari ya cinye dabbobi, kuma Litinin ta gaba, 15 ga Afirilu 1974, sojoji ƙarƙashin Seyni Kountché suka kifar da gwamnatin Diori Hamani. A zamanin wannan mulki ne aka fara gasar kokowa ta ƙasa, a Tawa a 1975, inda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Haka rana guda ta zama ta tunawa a ƙasashe biyu, ko wacce da dalilinta.

Kwana tara kafin rasuwarsa a watan Oktoba 1972, an karrama Jackie Robinson a fili, ya ce farin cikinsa zai ƙaru ranar da ya ga baƙar fata yana jagorancin ƙungiya. Bai ga ranar ba. Ta zo ran 8 ga Afirilu 1975 a Cleveland, inda Frank Robinson, wanda suna kawai ya haɗa su, ya zama baƙi na farko mai horas da babbar ƙungiya. Yana horaswa yana kuma wasa. Ya rubuta sunansa cikin jeri, ya ɗauki kulki, ya yi kai-gida a fitowarsa ta farko, aka ci Yankees 5 da 3. Matar marigayin, Rachel, tana wurin.

Shekarar da Afirilu ya zo babu wasa

A shekarar 1994, wadda a nan ake tunawa da ita saboda karyewar darajar sefa a watan Janairu, masu ƙungiyoyi suka nemi sa wa albashi iyaka, ƙungiyar ƙwadagon ƴan wasa ta ƙi. Yajin aiki ya fara ran 12 ga Agusta, ya yi kwana 232. Aka soke karawar ƙarshe, abin da bai faru ba tun 1904, wanda ko yaƙin duniya biyu ba su jawo ba. Masu ƙungiyoyi har sun tara ƴan cike gurbi don buɗe kakar 1995, sai wata alƙaliya a New York, Sonia Sotomayor, ta yanke hukunci a kansu ran 31 ga Maris. Aka koma fili a ƙarshen Afirilu, aka rage wasanni zuwa 144.

Ƴan kallo ba su yafe da wuri ba, yawansu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Wadda ta fi kowa asara ita ce Montréal, garin da ya fara rungumar Robinson. Ƙungiyarta, Expos, ita ce kan gaba ranar da aka tsayar da wasa, da nasara 74 da faɗuwa 40. Bayan yajin ta rabu da taurarinta don rashin kuɗi, ƴan kallo suka watse, a 2005 aka kwashe ta zuwa Washinton. Giwaye biyu suka yi faɗa, ciyawa ta sha taku.

Lamba 42 da ɗan Afirka

Ran 15 ga Afirilu 1997, a New York, gaban shugaba Bill Clinton da Rachel Robinson, aka sanar da cewa ba za a sake ba wani sabon ɗan wasa lamba 42 ba a ko wace ƙungiya. Tun 2009 kuma, duk ranar 15 ga Afirilu, kowa a fili lamba 42 yake sawa.

Afirka ta jira shekara 70 bayan Robinson kafin ɗanta ya taka wannan fili. Gift Ngoepe ɗan Afirka ta Kudu ne, ya girma a wani ɗan ɗaki na filin besbol da ke Randburg, kusa da Johannesburg, inda mahaifiyarsa take aiki. Pittsburgh ta ɗauke shi a 2008, ya shafe fiye da shekara takwas a ƙananan ƙungiyoyi. Ran 26 ga Afirilu 2017 aka sa shi cikin wasa da Cubs na Chicago, ya yi bugu mai kyau a fitowarsa ta farko. A lokacin, agogon ƙasarsa ya riga ya shiga 27 ga Afirilu, ranar da Afirka ta Kudu take bikin zaɓen 1994 da ya kawo ƙarshen mulkin wariya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Ba a buga besbol a dandalin Langa-Langa, kuma da wuya kulki da ƙwallo su ƙwace wa ganga da kirari matsayinsu a Damagaram. Amma hular tana nan a kasuwa. Dodgers sun bar Brooklyn sun koma Los Angeles a 1958, can suka samo haruffan L da A. Ke nan saurayin da ya saye ta a layin masu gwanjo, ya karkata ta gefe ya hau babur, tambarin ƙungiyar Jackie Robinson ne a kansa. Mai sayarwa kuwa, in ya san labarin, yana da abin faɗa wa mai saye bayan an gama taya farashi.